Gurbin Hoto

Ni mai gyaran kwamfuta ne, a Gomari nake zaune, kuma ruwan ambaliyar da ta ci Maiduguri bai iso layinmu ba. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ɗauka labarin asarata zan ba shi. Ko cokali ban rasa ba. Abin da ya same ni shi ne aiki ya yi mini yawa, domin da ruwa ya janye kowa ya tono injinsa daga cikin laka ya nufo ni da shi, wai in yi wani abu. Yawancinsu babu abin yi. Sai in buɗe, in tarar tsatsa ta riga ni, in rufe, in ce Allah ya mayar da alheri. Har na gaji da jin addu'ar nan a bakina.

A cikin wannan hali ne wani tsohon abokin hulɗata ya kira ni. Ibo ne, Kirista, yana da shagon buga kati da hotuna a Bulabulin tun ina firamare. Oga nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya, ko da yake ya san sarai ba ni da takardar injiniya, kuma in ya so tsokana har jan sunan yake yi. Hausarsa ba ta da gargada, Kanurinsa kuwa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru shi ke buga wa makarantu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi katin shaida. Duk wanda ya zauna gaban kyamararsa, sunansa da bayanansa suna shiga wata tsohuwar kwamfuta da wani ɗan bautar ƙasa ya haɗa masa tuntuni, ya gama hidimarsa ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na tarar da shagon kamar an yi masa wanka da kunun kanwa. Shatin ruwa a bango ya wuce kaina, wari kuwa ba a magana. A kan tebur akwai wani abu a naɗe cikin hankici. Ya warware a hankali, sai ga faifan ajiya na kwamfuta, irin na da, mai nauyi.

"Injin fa, Oga?"

"Ya tafi. 'Yan gwangwan sun kwashe shi da sauran ƙarafa. Amma kafin su ɗauka na cire wannan."

"Shi kaɗai ne a ciki?"

"Biyu ne. Ɗayan sifeya ne, yana daga ƙasa, laka ta cika shi. Wannan na sama shi ne mai kyau."

Oga a gidan masu sayar da kayan gyaran mota ya tashi. A wurinsa duk abin da ya zo biyu iri ɗaya, na biyun sifeya ne, taya ce ko fulogi ko faifai. Na gyaɗa kai. A makon nan na ga wanda ya wanke kwamfutarsa da omo ya shanya a rana, don haka mutumin da ya san ya cire faifai ma a wurina malami ne.

Sai a lokacin na lura da matar da ke zaune a benci daga bakin ƙofa. Babarbariya ce, ta manyanta, tana cikin lafaya mai ruwan toka, tana ɗinkin hula. Na gaishe ta da Kanuri, na ce mata wushe, ta amsa da kalewa, wato lafiya, ba tare da ta ajiye allurar ba. Oga ya ja ni gefe ya ba ni labarinta. Daga unguwar Limanti take. Mijinta direba ne, shekarun baya da hanyoyi suka lalace ya ɗauki kaya ya fita daga gari, bai dawo ba. Ba gawa, ba mota, ba labari. Hotonsa guda ne a gidan, a bango, sai wani a wayarta, kuma ruwa ya tafi da bangon da wayar. 'Yan'uwansa sun watse, babu mai wani hoton. Sai ta tuna ya taɓa yin katin ƙungiyar direbobi a wannan shago, ta zo ta tambaya ko hoton yana nan.

"Na ce mata yana nan," in ji Oga. "Na ce injiniyana zai fito da shi."

Raina ya ɓaci. Na tsani a yi alkawari da bakina ba da sanina ba. Amma matar tana jin mu, don haka na haɗiye, na kira ta Ya, yadda ake kiran uwa da Kanuri, na ce mata, "Ya, za mu gwada, in Allah ya yarda." Ta ce, "To, ɗana." Ta ci gaba da ɗinkinta.

Oga ya ce faifan ba zai bar shagon ba, don sirrin mutane ne a ciki. Ban yi musu ba, gaskiyarsa ce. Haka na riƙa hawa keke napep kullum da safe daga Gomari zuwa Bulabulin da kwamfutata a jaka, ina aiki da hasken rana, domin farantin sola da ke kan rufin shagon shi kaɗai ne ruwa bai taɓa ba.

Da na jona faifan ya yi ƙara, ya juya, ya nuna yana da rai. Abu na farko da na yi shi ne kwafe duk abin da zai kwafu, don irin wannan faifan ba a ba shi amana. Wani sashe ya mutu, kuma a sashen da ya mutu ne manhajar da ke buɗe bayanan take. Bayanan kansu sun tsira. To amma ba a ajiye suke yadda mutum zai danna ya karanta ba. Suna cikin abin da muke kira rumbun bayanai, kuma rumbun ba ya buɗuwa sai da manhajar da ta gina shi, ita ɗin dai, ta wannan zamanin. Sabuwa ba za ta kalle shi ba ma. Na duba duk inda ake samun manhaja a shirye, tsohuwar ta daɗe da ɓacewa. Hanya ɗaya ta rage, in samo ɗanyen rubutunta daga tushe, yadda masu ita suka rubuta, in gina ta da kaina.

Samo rubutun ma sai da ya ci mini wuni. Layin sadarwa a unguwar yana zuwa yana ɗaukewa, sai ya kusa ƙarewa ya yanke in koma farko. Na riƙa ɗaga waya sama a bakin titi kamar mai neman a taimake shi. Da ya sauka, na ba da umarnin binciken farko, wanda ke duba ko kwamfuta tana da kayan da ginin ke bukata. Ya ce babu kaza. Na nemo. Ya ce babu wani kazan. Bai taɓa faɗa maka duka a lokaci guda ba, sai ka kawo ɗaya ya tuna da wani, kamar mai aiken kasuwa da ba ya tausayin ƙafarka. Daga nan ginin ya fara, rubutu yana ta gudu a allo, kwamfutar ta ɗau zafi har ba na iya ɗora hannu. Hadari ya rufe rana, batir ya ƙare a tsakiya, na sake daga farko.

Matar tana zuwa kullum. Ba ta tambaya, ba ta leƙe. Ta gaishe mu, ta zauna a bencin, ta ciro hularta. Oga ya kawo mata ruwan leda, ta karɓa ta ajiye gefe. Zamanta ya fi mini tambaya nauyi. Da za ta yi ta damuna da "ya ake ciki", da na sami abin jin haushi, na huce a kansa.

Ranar da ginin ya kammala ba tare da kuskure ba, na yi hamdala a fili, har Oga ya taso. Na ba da umarnin kunna manhajar. Ko daƙiƙa ba ta yi ba ta dawo mini da layi ɗaya na Turanci, ƙarshensa yana cewa cannot open shared object file. Wato akwai wani guntun manhaja da take bukata, ta nema ba ta gani ba, don haka ba za ta tashi ba.

Duk mai wannan sana'a ya san wannan layin, kuma babu mai son ganinsa. Babbar manhaja ba ta ɗauke da duk kayan aikinta. Akwai ƙananan guntaye da ake ajiyewa wuri guda kowa ya ara, muna ce musu laburare. Ita manhajar sunan laburaren kawai take riƙewa. In an kunna ta sai ta kira sunan, in babu amsa ta zauna.

A ranar ne matar ta fara yi mini magana kan aikin. Ta ga na dafe kai, ta ce, "Ɗana, me ya ce?"

Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce, "Ya, kin san gidan haya da turmi ɗaya ne kowa ke daka a ciki? To wannan ta tashi daka, ta je inda aka saba ajiye turmin ba ta same shi ba."

Ta ce, "Har inji ma aro yake yi?"

Na ce aro yake yi. Ta girgiza kai ta mayar da ido kan allurarta.

Na farkon bai ba ni wuya ba. Akwai umarnin da ke jero duk laburaren da manhaja ke nema, da inda ta sami kowanne. Na buga, na ga guda biyu an rubuta not found a gabansu, wato ba a same su ba. Ɗaya yana nan a kwamfutar, ni da kaina na gina shi tare da manhajar, amma yana wani lungu da mai nema ba ya dubawa. Na rubuta masa hanyar lungun, na sa ya sabunta abin da ya sani, aka wuce wurin. Na biyun shi ne bala'in. Wani tsohon laburare ne na tsare sirri, wanda aka daina amfani da shi tuntuni, kuma tsohuwar manhajar da shi aka saba mata. A kwamfutata ƙanensa ne kawai, sabo, mai wata lamba daban.

Na shiga neman shawara a intanet, inda mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa suke ba da amsa cikin sauƙi. Wannan ya ce ka sabunta komai kawai. Wancan ya ce me ya sa kake amfani da abin da ya tsufa haka. Na so in sa shi a keke in kawo shi Bulabulin ya faɗa wa matar nan haka da bakinsa. Wani kuma ya kawo dabarar da dukanmu muka sani, ka ɗauki sabon laburaren ka laƙa masa sunan tsohon, manhajar ta ɗauka shi ne. Na san dabarar banza ce, amma kaina ya ɗau zafi, na gwada a kan kwafi. Manhajar ta karɓa, ta fara tashi, ta nemi wani aiki a cikin laburaren da babu shi, ta faɗi. Suna dai ta samu, abin da ke cikin sunan ba shi ba ne. Na goge na dawo inda nake.

Da la'asar ɗin nan Oga ya fita neman mai, aka bar ni da matar. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta fara. Ta ce ba ta taɓa ce wa mijinta marigayi ba, don ba ta ga gawa ba, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ta ce tana tuna hannuwansa, tana tuna ƙeyarsa in yana alwala, tana tuna tarinsa in ya shigo zaure.

"Amma fuskar ce take gudu mini," ta ce. "Da hoton yana bango ban san shi ke riƙe mini ita ba. Yanzu in na kamo idon sai bakin ya tafi. Ina tsoron wata rana in tashi babu komai."

Na ji tsoro ni ma. A keke ina komawa gida na yi ta ƙoƙarin kawo fuskar mahaifina a raina, na ga ashe hoton da ke falonmu nake gani, ba shi ba.

Washegari dabara ta zo mini. Tsohon laburaren ai dole yana cikin faifan Oga, tunda da shi injin ya yi aiki shekaru. Na tona cikin abin da na kwafa, na same shi lafiya lau, a sashen da bai mutu ba. Na ɗauko na ajiye inda za a gan shi, na kunna. Wani sabon ƙorafi ya fito, wai laburaren ba jinsin wannan kwamfutar ba ne. Injin Oga na tsohon ƙira ne, kwamfutata ta sabon ƙira, kayan wannan ba ya shiga wancan. Da na ƙara bincike sai na gane bayanan ma haka suke, ko da manhajar ta tashi a kwamfutata ba za ta buɗe su ba. Duk ginin da na yi na banza ne. Na fita waje na tsaya a rana don kada in zagi wani abu a gaban dattijuwa.

A gidana akwai wata tsohuwar kwamfuta ta wancan ƙirar, wadda matata ta mayar wurin ɗora kwanuka. Na sauke kwanukan, na sha magana, na ɗora ta a keke zuwa Bulabulin. A kanta na sake komai daga tushe. Tana aiki kamar mai ciwon ƙafa, abin da sabuwar ke yi kafin a sha shayi ita sai ta kai azahar. Amma da ta gama, na jero laburaren, kowanne da hanyarsa a gabansa, babu not found ko ɗaya. Na nuna mata inda bayanan suke, na kunna. Jim kaɗan manhajar ta rubuta cewa a shirye take.

Oga yana tsaye a bayana. Kafin in hana shi ya juya ya ɗaga murya, "Mama, ya buɗe! Taso, ya buɗe!"

Ta ajiye hular, karo na farko da na ga ta ajiye ta. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ƙamshin turaren wuta yana tashi daga lafayarta a cikin wannan warin laka. Ta faɗi sunansa da na mahaifinsa, na rubuta. Ya fito nan take. Ga sunan, ga Limanti, ga irin motar da yake ja, ga rukunin jininsa. Na matsa zuwa gidan hoto.

Babu hoto a wurin. Rubutu ne ɗan gajere, sunan hoton da hanyar da za a bi a same shi, kuma hanyar ta fara ne da faifai na biyu.

Na duba na wani mutum, haka. Na duba na 'yan makaranta, haka. Ɗan bautar ƙasar nan bai yi kuskure ba, yadda ake koyar da mu ke nan, kada a cika rumbu da hotuna, a ajiye su a wani faifai, rumbun ya riƙe suna kawai. Da ni ne haka zan yi. Na koma cikin kwafin na bincike shi ciki da waje ko wani hoto ya maƙale, ban sami ko ɗaya ba.

Na ce wa Oga da Turanci, a hankali, faifan da ya ce sifeya ne shi ne na hotuna. Ya kalle ni kamar bai ji ba. Na maimaita. Ya riƙe bakin tebur. Daga nan ya fita da gudu, mutumin da gwiwa ke damunsa, ya tare keke zuwa wurin 'yan gwangwan.

Matar ba ta jin Turanci, amma ta ga fuskokinmu. Ta koma bencinta ta zauna, ba ta ɗauki hular ba. Ni ma ban iya danna komai ba. Muka zauna haka, injin yana ta ƙugi, a shirye yake, babu abin da za a tambaye shi.

Oga ya dawo bayan la'asar, wandonsa duk laka har gwiwa, hannunsa ya yanke. An ce masa kayan makon ambaliya an daɗe da farfasa su da guduma an loda a tirela an yi kudu da su. Ya durƙusa a gabanta, babban mutum da furfurarsa, ya yi mata bayani da Kanuri. Ban ji duka ba, amma na ji muryarsa tana karyewa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har na rasa wanne ya fi. Ita kuwa ta bari ya gama, ta ce masa ya tashi, ruwan ba shi ya kawo shi ba.

Sai ta juyo gare ni. "Ɗana, abin da ya rage ɗin, za a iya fitar da shi a takarda?"

Na ce za a iya. Oga ya aro injin bugawa a maƙwabta. Na buga mata shi a tsarin katin, yadda aka yi wa mijinta, amma a kan farar takarda. Bayanan suka jeru daga dama. Daga hagu, inda hoto ke zama, sai wani ɗan murabba'i mai baƙin layi, cikinsa fari fat.

Ta ce in karanta mata. Na karanta sunan, da unguwa, da mota. A ƙasa akwai gurbin wanda za a nema in wani abu ya faru, na karanta mata sunanta, yadda shi ya faɗa a ranar da ya zauna a shagon nan. Ta sa na sake karanta wurin. Sannan ta ɗora yatsa a gefen murabba'in, ba a cikinsa ba.

"A nan yake?"

"A nan ya kamata ya kasance, Ya."

Ta daɗe tana kallon wurin. Ta yi mana godiya, ni da Oga, ta sa mana albarka, abin da ya fi mini zagi ciwo. Ta tattara zarenta da hularta. Takardar ta yi wa jakarta girma, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana ninke ta, ina kallon hannunta. Ta ninka daga ƙasa, ta ninka daga dama, ta kauce wa gurbin don kada layin ninki ya bi ta kan fuskarsa.